Jadawalin Laraba

Bayan isha'i wuta ta tafi.
Na kunna tocila, na jawo littafin shago:
gabansa awon wuya da bashin masu ɗinki,
bayansa ƙafafun yara ashirin da uku.

Gobe Laraba. Na ja layi.
Biyar saura kwata, zagayen fili sau shida.
Na rubuta, na tsaya, na ciji gindin biro,
don filinmu na bayan Ƙofar Guga
ruwan shekaranjiya ya kwanta a kusurwar gabas,
ta yamma kuwa Malam Nalado ya shuka wake,
ya ce gado ne, wa zai ja da mai gado?
To, a zagaya abin da ya rage.

Mannir ba zai zo da wuri ba
sai maigidansa ya rufe gareji.
Zai iso da baƙin mai har gwiwar hannu,
ya cafe ƙwallo, ya bar mata shaidar yatsu goma.
Sada na da jarrabawa, na cire shi.
Rabe na da ƙafar hagu
mai hira da ƙwallo kamar sun sha nono ɗaya,
amma ta damansa ko gaisuwa ba ta haɗa su.
Na rubuta: Rabe, dama kaɗai, minti ashirin.
Zai kumbura baki.
Ya kumbura.

Ƙwallo huɗu gare mu, ɗaya tana sacewa.
Gorunan roba goma, na ɗura musu yashi,
su ne abokan gaban da ba sa motsi.
Ga usur, igiyarsa ta sha zufa ta yi baƙi.
Ga riguna da na harhaɗa da ragowar yadin salla,
kore dai kore ne, ko da bai zo ɗaya ba.

Ran Asabar 'yan Rafin Daɗi uku suka zura mana,
duka ukun daga kwana.
Ban yi faɗa ba. Na dawo gida
na farke wasan kamar ɗinkin da ya karkace,
zare bayan zare,
har na ga inda allura ta kauce:
masu tsaron baya huɗu, kowa bakinsa a ɗinke,
ba mai cewa ɗan'uwansa ga mutum a bayanka.
Don haka biyar da rabi: kwana goma sha biyar,
wanda bai kira suna ba, ya sake.

Barira ta juya ta ce, kashe fitilar nan,
ko kofin duniya za ku?
Na ce saura kaɗan. Na shafa gwiwata,
wadda ta zaunar da ni gaban keken ɗinki
ana jibi za a gwada mu a Kano.

Saura Isiya, ƙaramin cikinsu,
wata bakwai yana tsinto ƙwallo a gonar wake,
ko ganye ɗaya bai taɓa karyawa ba.
Mai irin wannan taku ba ɗan aike ba ne.
Na sa shi a tsakiya, minti goman ƙarshe,
kafin ladan ya hura nasa tashin
wanda ba a roƙonsa ƙarin lokaci.

Layi ɗaya na bari fari.
Na hadari ne in ya taso daga gabas,
na awakin da ke ratsa mu ba sallama,
na yaron da zai zo idonsa ya faɗa,
in tambaye shi, ya ce ya ci.
Da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Na juya littafin gaba, na duba bashi,
na ware kuɗin ƙosai daga ɗinkin Alhaji Sule,
na sa a aljihun da usur yake.